Hoton da Ke Bayan Littafi

Saura sati biyar ɗaurin aurenta da Dogo, Hajiya ta aiko wa Malama cewa ta shirya, ranar Asabar za ta raka ta birni sarin yadi.

Kwana biyu Malama ta yi tana juya saƙon nan a ranta. Hajiya ita ce mahaifiyar Dogo, kuma ita ce matar da ta yi shekara biyu cur tana rantsuwa cewa muddin tana numfashi, ɗanta ba zai auri yayarsa ba. Laifin Malama ɗaya ne tak: ta girmi Dogo da shekara biyu da wata huɗu. Ranar da ta fara zuwa gaishe ta a shagonta na yadi, Hajiya ta bar ta a durƙushe tana auna wa wasu mata leshi. Sai da ƙafafunta suka yi tsami sannan Hajiya ta ɗago.

"Au, ke ce yarinyar? Ai na zaci uwarta ce ta fara zuwa."

Matan suka kwashe da dariya. Malama ta koma gida ta yi kuka har muryarta ta dishe, washegari ta kasa koya wa 'yan ajinta komai.

Shi kuwa Dogo, mai gyaran firji ne, mutum mara hayaniya. Bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, amma duk yarinyar da aka nuna masa sai ya ce Allah ya ba ta wanda ya fi shi. A haka har Hajiya ta gaji ta sauko, aka sa rana. Baban Malama ma ya gaji. A gaban kowa ya ce wannan ce sa rana ta ƙarshe, in aka sake samun wata matsala ya cire hannunsa daga gidan, tunda ga wani mai maɗaba'a can shekara nawa yana turo manyansa.

Asabar ɗin ta zo da abin mamaki. A mota Hajiya ta bar mata kujerar jikin taga, ta ɓare ayaba ta miƙa mata, har ta tambaye ta ko yaran ajinta na jin magana. Tabaraunta na rataye a ƙirjinta da siririyar sarƙa kamar kullum. Kafin azahar sun gama zagaye manyan shaguna, an ɗaure kaya an kai tasha. Malama ta zaci shi ke nan sai komawa, sai Hajiya ta gyara mayafi ta ɗan rage murya.

"Akwai inda nake zuwa in na shigo garin nan. Ban taɓa zuwa da kowa ba. Biyo ni."

Suka bar babban titi suka shiga unguwa, suka bi wani lungu da ruwan wanki ke gudu a tsakiyarsa. Tsakanin shagon mai aski da na mai yankan makulli akwai wata 'yar ƙofa mai shuɗin fenti. Kantin littattafai ne, ƙarami ƙwarai, mutum uku in sun shiga sai ɗaya ya yi gefe. Kantoci daga ƙasa har rufi, fanka na ƙara a sama, wata kyanwa na barci a kan tarin tsofaffin jaridu. Warin tsohuwar takarda ya cika wurin.

Wani tsoho mai gajeren gemu ya leƙo daga bayan tebur.

"A'a, Hajiya mai jikoki! An shigo ke nan? Ya hanya, ya yaran?"

"Lafiya lau, Baba. Irin na wancan karon za ka ba ni, mai manyan baƙaƙe da hotuna. Amma wanda ya ɗan fi shi wuya."

"To madalla, ashe yaran na ƙoƙari."

Malama ta sunkuyar da kai. Dogo shi kaɗai Hajiya ta haifa, ba ta da jika ko ɗaya a duniya. Nan take ta gane wa ake saya wa littattafan, ta kuma gane dalilin da ya sa sai an yi tafiyar awa uku ake sayensu. Don kada Hajiya ta ga fuskarta, sai ta juya ta shiga duba kantar da ke bayanta.

A nan idonta ya sauka a kansa.

Kwafi biyu, siriri, mai jan bango. Sunan marubuciyar a ƙasa: 'Yar Alli.

Ta sake karanta sunan.

Ita ce 'Yar Alli. Wata rana can baya, lokacin da wulaƙancin Hajiya ya ishe ta tana kuka, Dogo ya so ya lallashe ta. Ya ce kada ta ga zafin Umma, tsoro ne ke sa ta. Ya ce Umma ba ta iya karatu ba ko kaɗan, tabaraun nan ma gilashi ne kawai ba magani a cikinsa, kuma duk garin ba wanda ya sani. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ta rantse. Bayan wata huɗu Hajiya ta turo kawun Dogo ya ce a bar maganar aure gaba ɗaya. Cikin wannan baƙin cikin Malama ta zauna, sati uku, ta rubuta labarin wata muguwar uwar miji mai shagon yadi. Ba ta bar komai ba. Ta kai wa mai maɗaba'a, wanda ke buga wa makarantarsu takardun jarrabawa, shi kuma da yake ya daɗe yana neman hanyar da zai faranta mata, ya buga da rawar jiki.

Da aka sa rana, ita da kanta ta je ta roƙe shi ya tattaro littattafan. Ya dafa ƙirji ya ce ta ɗauka an gama, da hannunsa zai ƙone su.

Ga su nan kuwa, ba ko alamar hayaƙi.

Ta saci kallon Hajiya, ta ga tana shafa hoton wata akuya a littafin yara, leɓɓanta na motsi a hankali. Da sauri Malama ta zare kwafi biyun ta cusa su bayan wasu manyan ƙamusoshi da ƙura ta lulluɓe. Da ta juyo suka haɗa ido da tsohon. Ya ci gaba da naɗe wa Hajiya littattafanta.

"Baba, ajiye min su nan, zan biyo in ɗauka," in ji Hajiya. Ta dubi Malama da murmushi. "Saura wuri ɗaya. Can kuma ke zan saya wa. Dogo ya ce ba abin da kike so a duniya irin littafi."

"Hajiya, da kin bar shi. Wallahi ina da su da yawa a gida."

"Naki ne. Wannan nawa ne zan ba ki."

Haka ta bi ta.

Kanti na biyu a ƙofar wani gida yake, mai haske, an jera littattafan soyayya a kan igiya an maƙale su da abin shanya. Akwai benci a gefe, wasu mata uku na zaune suna zaɓen na haya. Mai kantin mace ce mai jiki, mai fara'a, irin waɗanda in suka fara magana sai an yi musu birki.

"Sannunku da zuwa! Hajiya, 'yarki ce? Tubarkalla. Me za a ba ku?"

"Surukata ce, in Allah ya yarda. Wanda ya fi kowanne daɗi za ki ba ta."

Wannan ne karo na farko da Malama ta ji kalmar daga bakin Hajiya. Ba ta gama jin daɗinta ba mai kantin ta tafa hannu.

"Suruka? Ai kun zo a daidai! Akwai wanda ya dace da ku, ku karanta tare ku sha dariya, ku gode wa Allah da bai haɗa ku da irinta ba." Ta miƙa hannu ta ciro jan littafi daga kan igiya. "Wannan ai ba ya kwana. Satin da ya wuce mai bugawa da kansa ya kawo min sabon bugu, ga shi har ya kusa ƙarewa."

"Ki ba mu wani," Malama ta ce da sauri. "Na karanta wannan. Ba daɗi."

"Ba daɗi? Haba 'yar nan!" Mai kantin ta juya wajen Hajiya. "Bari in ɗan ɗanɗana miki. Wata tsohuwa ce mai shagon yadi, ga izza ga baki, ta hana ɗanta auren wadda yake so wai ta girme shi. Ashe duk cika bakin nan ko sunanta ba ta iya rubutawa! Tabarau take ratayawa a wuya, na ƙarya, in an miƙo mata takarda sai ta ce yau idonta na ruwa."

Matan benci suka fara dariya. Ɗaya ta ce, "Faɗa mata wajen rasit ɗin!"

"Wajen rasit! Ta riƙe shi ƙafa a sama kai a ƙasa tana gyaɗa kai, wai lissafin bai yi ba. Wallahi ranar da na karanta har da hawayena."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Hannunta ya tashi a hankali ya rufe tabaraun da ke ƙirjinta. Sannan ta miƙa ɗaya hannun.

"Mu gani."

Ta karɓi littafin, ta dubi bangon gaba tsawon lokaci. Malama ta tsaya tana addu'a a zuci: sunan ƙarya ne, ba za ta iya karantawa ba, ko ta karanta ba za ta gane ba. Ta ji kunyar addu'ar tun kafin ta gama ta.

Hajiya ta juya littafin.

A bugun farko bayan bangon fili ne, ba komai. A wannan kuwa, ga hoto nan ya ci rabin bango: Malama ce, da farin mayafinta na ranar rabon kyaututtuka a makaranta, tana murmushi. Mai maɗaba'a ne ya ɗauke ta ranar, ya ce na mujallar makaranta ne.

Hoto ba ya buƙatar karatu.

Mai kantin ta leƙo, ta dubi bangon, ta dubi Malama, ta sake duban bangon.

"La ila! Ke ce! Jama'a, ga 'Yar Alli a kantina! Shi ya sa nake ta cewa na san fuskar nan. Ai mai bugawa ya ce min malamar makaranta ce, kuma wai shi zai..." Sai idonta ya kai kan tabaraun da ke leƙowa ta tsakanin yatsun Hajiya. Ɗaya daga cikin matan benci ta ja mayafi ta rufe baki.

Malama ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Hajiya ta buɗe jakarta ta biya, ta sa littafin a ciki, ta ce wa mai kantin, "Allah ya ba da kasuwa." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta fita.

Malama ta bi ta a baya, taku biyar a tsakaninsu. Suka sake bin lungun nan, suka wuce mai aski, suka shiga ƙofa mai shuɗin fenti. Tsohon ya dubi fuskar ɗaya, ya dubi ta ɗayar.

"Baba, ara min ɗakinka na ciki, zan yi magana da yarinyar nan."

Ya ɗaga musu labule, shi kuma ya ɗauki kujerarsa ya koma can bakin ƙofa.

Ɗakin ajiya ne, kwalaye a jibge, ƙaramar taga ɗaya a sama, tabarmar sallah a shimfiɗe. Hajiya ta zauna a kan kwali. Malama ta zube a ƙasa ta kama ƙafarta.

"Hajiya, don girman Allah..."

"Sake min ƙafa." Ta ciro littafin ta ajiye mata a cinya. "Nemo wajen da suke dariya. Karanta min."

"Ba zan iya ba. Ki dake ni, ki zage ni, amma kada ki sa ni..."

"Mata nawa suka karanta? Ɗari? Dubu? Kowa ya san abin da ke ciki sai ni da aka yi don ni. Ni ba zan iya karantawa ba, ke kin fi kowa sani. Karanta."

Malama ta buɗe littafin. Ba ta sha wahalar nema ba, ta san shafin. Ta fara:

"Tsohuwar ta ɗora tabaraun a kan hanci, tabaraun da ba abin da ke cikinsa sai gilashin taga. Ta riƙe rasit ɗin a juye, tana gyaɗa kai kamar alƙali. Shekara hamsin da biyar a duniya, amma ɗan aji ɗaya ya fi ta..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Ci gaba."

"...ya fi ta daraja a gaban takarda. Irin waɗannan, girman kai ne kawai zaninsu, in aka yaye shi..." Ta kife littafin ta rufe fuska. "Wallahi ba zan iya ba. Hajiya, ki yafe min. Zafin zuciya ne. Lokacin da Kawu ya zo ya ce an fasa, ji na yi duniya ta ƙare min. Na yi nadama tun kafin a sa rana, na je na roƙe shi ya ƙone su, ya rantse min..."

"Kin iya rubutu," Hajiya ta katse ta. "Har na ga kaina."

A waje ana jin ƙarar injin mai yankan makulli.

Hajiya ta cire sarƙar daga wuyanta, ta riƙe tabaraun a tafin hannu tana kallo.

"Mu tara ne a ɗakinmu, ni ce babba. Innarmu ba ta da lafiya tun ina shekara bakwai. Ni na goye su, ni na yi musu wanka na raka su makaranta, in tsaya a bakin ƙofa in ji suna rera baƙaƙe, in juyo gida in ɗora tukunya. Duk sun yi karatu. Ba wanda ya taɓa tambaya ta ko ni ma ina so." Ta shafa gilashin da gefen mayafi. "Baban Dogo ne ya saya min wannan, shekarar da na buɗe shago. Ya ce, in an miƙo miki takarda ki ce idonki na ciwo, ki kawo min gida in karanta miki. Shekara goma sha tara yana karanta min, bai taɓa yi min dariya ba ko sau ɗaya. Da ya rasu, Dogo ya karɓa."

Malama na kuka ba sauti, hawaye na ɗiga a kan jan bangon.

"Maganar gilashin nan, mutum uku suka sani. Ɗaya yana kabari. Ɗaya ni ce. Wa ya faɗa miki?"

"Ni na lura da kaina, Hajiya. A shago na..."

"Kada ki haɗa min da ƙarya. Sau ɗaya kika zo shagona, kuma kanki a ƙasa yake har kika fita."

"Ba da mugun nufi ya faɗa ba! Wallahi kare ki yake yi. Cewa ya yi kada in riƙe ki a raina. Ya sa na rantse, ni ce na karya. Bai san da littafin nan ba, ko a mafarki bai sani ba. Laifina ne ni kaɗai."

Sai a lokacin idon Hajiya ya kawo ruwa. Ta ɗaga kai sama tana kallon 'yar tagar har ya koma.

"Kin zaci shekarunki ne suka dame ni? Ni ma na girmi Baban Dogo da shekara ɗaya, har ya mutu muna zaune lafiya. Ranar da aka ce min malamar makaranta yake so, kwana na yi ban runtsa ba. Na ce wannan sati ɗaya za ta yi a gidana ta gano ni. Za ta miƙo min katin biki ta ce, Umma duba min kwanan wata. Shi ke nan na zama abin dariya a wajen matar ɗana. Na yi miki abin da bai kamata ba, na sani. Na kunyata ki a gaban mata huɗu, abin na nan a raina." Ta nuna littafin da haɓa. "Ke kuma kin rama a gaban duniya."

"Hajiya..."

"Bari in gama. Shekara biyu ke nan ina zuwa wajen tsohon nan da ƙaryar jikoki. In kulle ɗaki in zauna da littafin yara kamar mahaukaciya. Yanzu ina gane baƙaƙe, ina haɗa kalma mai gaɓa biyu, amma na tsaya a nan, na kasa gaba. Kin san abin da ya sa na ce ki rako ni yau?"

Malama ta girgiza kai.

"Na ce tunda Allah ya yi ke ce, gara ki ji daga bakina. Na shirya in nuna miki kantin nan, in saya miki littafi, in muka zauna cin abinci in faɗa miki komai. In ce, 'yata, ki rufa min asiri ki koya min. Sati uku ina haddace yadda zan faɗa."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Malama ta kifa goshinta a kan tabarma tana kuka kamar ranta zai fita.

"Zan koya miki! Wallahi kullum zan zo, safe da yamma. Zan bi kantunan nan ɗaya bayan ɗaya in tattaro su, ko zai ɗauke ni shekara..."

"Ki tattaro na cikin kantuna. Na cikin kan mutane fa?" Hajiya ta miƙe, ta mayar da sarƙar wuyanta. "Tashi ki wanke fuskarki, kada mota ta bar mu."

"Auren fa, Hajiya?" in ji Malama.

"Na ba da baki a gaban manya, ba ni zan janye ba. Kuma ni ba zan faɗa wa Dogo komai ba, ba zan iya haɗa ido da shi a kan maganar nan ba." Ta tura mata littafin da ƙafa. "Ɗauki abinki. Ke ce mai iya tsara magana. In kin ga za ki iya shiga ɗakinsa da wannan a ƙasan akwati, ke kika sani."

Da suka fito tsohon ya miƙo ƙunshin littattafan yara. Hajiya ta dube shi kamar ba za ta karɓa ba, sannan ta karɓa.

"A gaida jikoki," ya ce a hankali.

"Ba ni da jika, Baba. Nawa ne."

"Na sani, Hajiya. Allah ya ƙara basira."

A motar komawa Hajiya ta zauna gaba kusa da direba, Malama ta samu wuri can baya tsakanin buhuna. Awa uku tana kallon ƙeyar matar, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Sau biyu wayarta na ƙara, sunan mai maɗaba'a na fitowa. A karo na uku ya turo saƙo: yana fatan ta ga sabon bugun, hoton ya yi kyau ko? Ta kashe wayar gaba ɗaya.

Da la'asar sakaliya suka iso. Dogo na tasha yana jiransu da tsohuwar motarsa ta aiki, bayanta cike da bututun gas da kayan gyara. Ya taho yana washe baki.

"Matafiya! Umma, ba ta ba ki wahala ba dai ko?"

"Hanya lafiya lau," in ji Hajiya. "Fara sauke ni, kaina na ciwo."

Ya sauke ta, ya shigar mata da kaya, ya dawo yana fito. Duk hanyar gidansu Malama shi kaɗai yake zuba: ya samo musu labulen ɗaki, ya gyara wani firji da aka ce ya mutu ya ajiye mata. Da ya tsaya a ƙofar gidansu ya kashe mota ya juyo.

"Wai lafiya? Idonki ya yi ja. Ko Umma ta faɗa miki wani abu ne?"

Za ta iya cewa ƙurar hanya ce. Da ya yarda, ta san shi. Ta daɗe tana kallon hannuwansa a kan sitiyari, duk tabon ƙuna da baƙin mai. Sannan ta zuge jaka ta ciro littafin ta miƙa masa.

Ya juya shi, ya ga hoton. Fuskarsa ta cika da haske.

"Kai! Ke kika rubuta? Littafi guda, kika ɓoye min? Amma kin iya rufa-rufa! Wallahi sai na nuna wa duk wanda ya shigo shagona. Umma ta san surukarta marubuciya ce?"

"Shafi na arba'in da ɗaya," ta ce. "Fara daga nan."

Ya buɗe yana dariya. Tana kallonsa idonsa na bin layi. Dariyar ta fara tafiya, murmushin ya bi ta. Ya kai ƙarshen shafin ya juya, ya karanta rabin na gaba, ya koma ya sake karanta na farkon. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Gilashin taga," ya ce, kamar mai magana da kansa.

"Dogo, ka tsaya in..."

"Umma ta san da wannan?"

"Ta sani."

"Wa ya faɗa mata abin da ke ciki?"

"Ni na karanta mata. Ita ta sa ni."

Ya rufe littafin a hankali ya ajiye a kan cinyarsa. Bai yi tsawa ba, bai ko dube ta ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya sa bayan hannu ya goge idonsa, ya miƙa hannu ta gabanta ya buɗe mata ƙofa.

"Sauka."

"Don Allah ka ce wani abu. Ko zagi ne."

"Ba ke zan fara ba wa haƙuri ko in zaga ba. Uwata na can ita kaɗai, kuma ni na sayar da ita. Sauka."

Ta sauka. Ya juya motar a tsakiyar layi, bututun gas na karo da juna a baya, ya nufi hanyar da suka fito. Tana tsaye har ya sha kwana.

Daga cikin gida ta jiyo muryar Yayarta, cike da murna.

"Malama, ke ce? Yi sauri ki shigo mana! Tela ya kawo kayan amarya tun ɗazu, kowa na jira ki gwada mu gani!"